Ranar da Wutar Jego Ta Kwana a Waje

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci a unguwar Jamaica da ke Queens, akwai shagon wani ɗan Maraɗi da muke tsayawa shan shayi, kuma duk Juma'a sai wani cikin yaran nan masu kai abinci a keke ya dubi farcena ya yi dariya. Makon jiya Nura ne. Ya ce, "Baba Habu, wallahi ni ma aikinka zan koma. Na gani a waya. Ai shara ce kawai, sai dai a tsaye ake yin ta." Sauran suka kwashe da dariya, ni ma na taya su, don ba na faɗa da yaro a kan shayin da shi ya saya mini. Amma ganin kitse kuke yi wa rogo. Tun kafin a yaye Nura nake hawa rufin gidajen garin nan ina sharar bututun hayaƙi, kuma abin da ya fi ba ni wuya a aikin ba tsani ba ne, ba ƙanƙara ba ce. Wata tsohuwa ce 'yar Damagaram da ta rantse ba za a kashe mata wuta ba, alhali ga jariri kwance a gindin murhun. Zan zo kanta. Sai kun fara sanin abin da ake sharewa, in ba haka ba za ku ɗauka rigimar tsofaffi ce kawai.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon Bature ne ɗan asalin Poland, Stanli, mai wata akwalar mota da tsani a samanta. A lokacin ina sayar da lema da safar hannu a bakin tashar feri, wato jirgin fito, ta St. George. Zai sayi safa mai araha, kwana kaɗan ta koma baƙa ƙirin, ya dawo ya sayi wata. Ran nan ya tambaye ni ko ina tsoron sama. Na ce masa a Kano duk gabanin damina ni nake hawa soron gidanmu in yi yaɓe. Ya ce to gobe in zo. Ban gaya masa cewa soronmu a shimfiɗe yake kamar faifai ba. Rufin garin nan kuwa a karkace yake, kai ka ce don a zubar da mutum aka yi shi.

Gidan farko da ya kai ni na wata mata ce mai farin kafet tun daga ƙofa har gindin murhu. Na ɗauko buroshi ina rawar jiki zan hau sama, Stanli ya karɓe ya miƙo mini tamfol. Na yi watanni ban taɓa buroshin nan ba. Aikina shimfiɗa tamfol, lulluɓe kujeru, liƙe bakin murhu da leda, da riƙe tiyon injin zuƙe ƙura har hannuna ya sage. Ya ce mai gida har ya mutu ba zai ga cikin bututunsa ba, ko ka share ko ba ka share ba, amma ɗigon baƙi ɗaya a kafet zai dinga ganinsa har a mafarki. Wanda ya ɗauki hoton da Nura ya kalla bai nuna wannan wajen ba, don ba wanda zai zauna kallon mutum yana shimfiɗa tamfol.

Ga yadda abin yake. Murhun itace akwatin ƙarfe ne mai ƙofar gilashi, ana girka shi a falo. Hayaƙinsa yana shiga wani dogon ginin bulo da ya ratsa gidan ya ɓulla ta rufi. A cikin ginin bulon nan ake zura bututun ƙarfe marar tsatsa, tun daga murhu har sama, a kifa masa hula saboda ruwa da tsuntsaye. Shi muke kira laina. Shafi ne irin na babbar riga, ba a ganinsa, amma shi kaɗai ne tsakanin wuta da katakon gidan. Gidajen nan kuwa kun san su, ko an yi musu ado da bulo a waje, cikinsu katako ne da takarda.

Laina ba ta son buroshin waya. Waya tana kankare ta, inda ta kankare kuma nan tsatsa take samun ƙofa, don haka na roba ake sa mata. Shi ma sai daidai faɗinta: in ya yi girma ya maƙale, in ya yi ƙanƙanta ya shiga ya gaisa da baƙin ya fito. Ana tura shi da sanduna masu lanƙwasa, kana ɗaura ɗaya a bayan ɗaya. In ka kuskura ka murɗa hagu, sanda ta kwance, buroshi ya yi zamansa a tsakiyar bututu, kai kuma ka tsaya a saman rufin mutane da guntun sanda a hannu kana tunanin ƙaryar da za ka yi. Stanli kullum yana ƙasa yana ihu, "Dama! Kullum dama!" Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, mu ma haka aka koya mana wajen cin tuwo. Sai tocila, da madubi, da takunkumi, daga baya aka samu 'yar kyamara da ake zurawa. Dokar da ta fi kowacce kuwa ita ce ba a sharar laina da zafinta. Robar za ta narke, toka mai rai ta shige injin ta kama a cikin motarka. Sai wuta ta mutu murus, ta kwana a mace, sannan a taɓa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Baƙin da ke ciki iri uku ne. Akwai kunkunniya, gari ce, irin ta madafin gidanku na can, buroshi na taɓa ta take zubowa. Akwai mai ɓawo-ɓawo kamar ƙanzon tukunya, wannan sai an dage. Sai kuma kwalta, mai sheƙi, wadda ta narke ta daskare a jikin ƙarfe, buroshi yana wucewa ta kanta ko gezau. Ita ce mai kama wuta. Abu biyu ke kawo ta: ɗanyen itace, da wutar da aka shaƙe. Mutum zai rufe ƙofar iska don itacensa ya daɗe, wuta ba ta ci ba kuma ba ta mutu ba, hayaƙi mai laima yana hawa a hankali yana mannewa. Ranar da ta tashi kamawa, bututun kansa ne yake ci, da ruri kamar jirgi zai sauka a falonka.

Masu gida kuwa, Bature da baƙar fata, mai kuɗi da talaka, ƙaryarsu ɗaya ce. Ka tambaya me suke ƙonawa, su ce busasshen itace kawai. Sai ka buɗe ka tarar da kwalin fiza, da katako mai fenti, da ganyen bishiyar Kirsimeti. Wani ɗan Zangon Kumasi a Queens ya kira ni yana rantsuwa cewa bututunsa yana kuka da asuba, har ya sa an yi masa tofi an yayyafa. Na hau na tarar hular ta faɗi, kurege ya tare da iyalinsa. Na ce masa tofin ya ci, don ga su nan duk sun yi ƙiba.

Mummunar shekararmu ita ce wadda guguwa ta turo teku cikin unguwannin bakin ruwa na Staten Island. Lantarki ya ɗauke, sanyi ya shigo, mutane suka dinga ƙona duk abin da ruwa ya kakkarya, shinge ne, ƙofa ce, katakon da ya sha gishiri ya ƙoshi. Gishiri kuwa ba abin da laina ta tsana kamarsa. Motar Stanli ruwa ya cinye ta da kayan aikin a ciki, muka yi hunturun nan da motar aro, wani lokaci da tsani a kafaɗa. Kafin shekara ta zagayo, lainonin da muka sa da hannunmu suka fara fitowa da huji kamar rariya, masu gida suna kira suna zaginmu wai aikin banza muka yi musu. Stanli yana jure sanyi, yana jure ciwon baya, amma bai iya jure a ce aikinsa na banza ne ba. Ya tattara ya koma wajen 'yarsa. Ya bar mini tsani, da madubi, da wani zagi na yarensu da har yau nake amfani da shi a saman rufi. Tunda ban san ma'anarsa ba, ina kyautata zaton ba a rubuta mini shi.

Aikin gidan tsohuwar nan, a unguwar Stapleton, ya zo ne a tsakiyar wani hunturu, ba da daɗewa ba. Sani ne ya kira ni, wani ɗan Damagaram mai shagon kayan abinci, mun san juna a masallaci. Da na isa da safe ban ma kashe mota ba na gan shi a bakin titi yana jirana ba ko hula, kamar wanda aka koro. Ya shigo motar ya rufe ƙofa, sannan ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Ya sayi gidan da murhun a ciki, bai taɓa kunna shi ba, bai kuma taɓa sa an duba shi ba. Matarsa Hadiza ta haifi ɗansu na fari, namiji, an yi suna makon da ya wuce. Mahaifiyarta, Iya, ta zo daga gida tun cikin ya tsufa don wankan jego. Ranar da ta sauka ta zagaya gidan, ta shafa hita, ta ce zafin da ba a ganin wutarsa ba ya korar sanyin haihuwa. Sai ta hango murhun a falo, ta yi murna kamar ta ga ɗan garinsu. Tun ranar aka kunna shi bai mutu ba, dare da rana. Maƙwabci ya sare wata bishiya da kaka, Iya ta sa aka roƙo gungumen. Da aka haihu ta sa aka sauko da katifar mai jego gefen murhun. Yanzu hayaƙi ya fara dawowa ɗaki, jariri yana tari.

Na ce, "Ina alam ɗin hayaƙi? Bai yi kuka ba?"

Ya ce, "Ya yi. Iya ta sa an ciro shi, ta naɗe shi a zane ta kai besmen, can ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wai yana tayar mata da angonta daga barci."

"To ka kashe wutar mana."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. "Ni, Malam Habu? In ce wa surukata ta kashe wuta? Ko ido ba ma haɗawa. Hadiza ta gwada, Iya ta ce da ta haifi Hadizar wane ne ya koya mata. Bon, shi ya sa na tuna da kai. Kai Bakano ne, kana iya faɗa mata duk abin da ka ga dama."

Ashe ba ƙwarewata aka kira ba, asalina aka kira. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma abin da suruki ba zai iya furtawa ba abokin wasa yana faɗarsa yana dariya. Na ɗauki tocila na bi shi.

Ina yin sallama zafi ya mare ni, ƙamshin turaren wuta ya biyo baya, a ƙarƙashinsa kuma wani wari mai ɗaci da hancina ya sani sarai. Gilashin murhun ya yi baƙi, ba a ganin wutar. A samansa ƙatuwar tukunya ce ruwan wanka yana tafasa da busasshen ganyen da Iya ta taho da shi, gefe ga tukunyar kunun kanwa. Hadiza tana kan katifa a lulluɓe tana haɗa gumi, jaririn a gefenta. Iya kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a kan darduma da carbi, ta dube ni tun daga takalmi har hula.

Ta ce, "Wannan kuma wane ne, kamar an tono shi a buhun gawayi?"

Hadiza ta ce, "Mai gyaran murhu ne, Iya. Bakano ne."

"Af, ashe bawana ne. Shigo. Har nan kuka biyo mu neman abinci?"

Na ce, "Hajiya, mu muka riga ku zuwa, mu muka share muku hanya kamar kullum. Barka da arziki. Ina angon naki?"

Muka gaisa, na sa wa yaro albarka, sannan na durƙusa gaban murhun. Ina buɗe ƙofar hayaƙi ya turnuƙo cikin ɗaki maimakon ya hau sama. Gungumen da ke ciki yana tsiyayar kumfa ta gefe saboda ɗanyantaka. Ƙofar iska a rufe ruf. Na ƙwanƙwasa bututun da bayan tocila, maimakon ya amsa da ƙarar ƙarfe sai ya yi dum, kamar cikin wanda ya ƙoshi. Ina nan durƙushe Iya ta miƙo hannu ta saman kafaɗata ta watsa turaren wuta cike da tafinta. Kun san abin da ake haɗa shi da shi, itace ne da sukari da man turare. A kasko ɗan tsinke ake sawa. Ita kuwa da hannu take zubawa, don ta kashe warin hayaƙin da ke dawowa, shi kuma yana hawa yana ƙara liƙe hanyar.

Na ce, "Hajiya, yau za a kashe wutar nan, ta kwana a mace, gobe in share."

Carbin ya tsaya. Sani, da ke laɓe a bakin ƙofa, ya sulale ya koma waje.

Ta ce, "Wutar jego? Kanawa dama ba ku da ta ido, amma ban san haukan ya kai nan ba. Ba a kashe ta sai an yi arba'in."

"Hajiya, bututun ya toshe. Tarin da angonki yake yi, hayaƙin nan ne. Kuma abin da ya toshe shi yana kama wuta."

"To ka share shi tana ci. Ba aikinka ba ne?"

"Ko wanzami ba ya aski mutum yana gudu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ƙanwata Zuwaira da damina ta haihu. Itace ya jiƙe, wutarta ta mutu kwana biyu. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ba ta ga arba'in ba. Ni na yi mata wanka. Yanzu kai da buroshinka za ka ce in kashe wa 'yata wuta a garin da ruwa yake zama dutse?"

Nan na ajiye wasa. Na ji tausayinta, na kuma gane cewa ko lokotoro goma aka jero mata, kamar yadda suke ce wa likita, ba za ta saurara ba. Ba taurin kai ne ya hana ta ba, tsoro ne, kuma ni ma tsoron ne ya hana ni in tattara kayana in tafi. Ina ta kalle-kalle sai idona ya faɗa kan kaskon turarenta na ƙasa a gefen darduma.

Na ce, "Hajiya, a garinku in wutar maƙwabciya ta mutu, ya take yi?"

"Ta aiko a ɗibar mata garwashi."

"Wanda aka ɗiba ɗin, wata wuta ce daban ko taki ce?"

"Tawa ce mana."

"To ba kashe ta za mu yi ba. Ƙaura za ta yi zuwa kasko, gobe in na gama ki mayar da ita ɗakinta."

Ta ajiye carbin. Can ta ce, "Bakano da wayo kamar ɓera. Dakor, na yarda. Sai Hadiza ta koma sama, in bi ta da kaskon." Na ce sam. Garwashi a rufaffen ɗakin garin nan, da tagogin da ko iska ba ta ratsawa, kisa yake yi ba hayaƙi ba wari, mutum yana barci ya zarce. A bayan gida wutar za ta kwana, a fili. Na ce ta bar wa Sani ya kula da ita. Ta ce wanda ko shayi a lantarki yake dafawa ba za ta ba shi amanar wuta ba, ita za ta yi da kanta. Ta ɗebi garwashin da ludayin ƙarfe tana bismillah, na kwashe sauran a bokiti na fitar. Aka mayar da Hadiza da jariri ɗakin sama aka ƙure hita. Na sa Sani ya kwance alam daga zane ya mayar da shi, na kuma ce ya kai yaron asibiti a duba tarin, kada ya jira ni.

Washegari da hantsi na tarar da ita a bayan gida, zaune a kan kifaffen bokiti a tsakiyar ƙanƙara. Ta sa ƙatuwar rigar sanyin Sani a kan zanenta, hular ulu a kan ɗankwali, safa biyu cikin silifa. Ta kafa wa kaskon lema, tana yi masa fifita da murfin kwali. Sani ya ce tun jiya take shiga tana fita tana ƙara masa gawayi, ta hana kowa taɓawa. Wata Baturiya maƙwabciyarsu har ta miƙo mata kofi ta saman shinge, ta kuma tsare Sani da tambayar dalilin da ya sa suka kori tsohuwa waje.

Iya ta ce, "Bawa, ka makara. Yi maza, wutata tana jin sanyi."

Na shimfiɗa tamfol, na liƙe bakin murhu, na kafa tsani, na ɗaura igiya, don bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne. Tun kafin in kai ga bututun na ga abin da ba na son gani. A kan farar ƙanƙarar rufin akwai ɓarɓashi baƙi warwatse, na ɗauki ɗaya, ba nauyi, ya kumbura kamar ƙonannen burodi, ina matsawa ya zama gari. Kwalta ba ta zama haka sai ta riga ta ci wuta. Hular lainar ta canza launi ta koma kamar wuyan tantabara, ragarta ta lanƙwashe. Na cire ta na zura kyamara. Daidai inda bututun ya ratsa ɗakin sama, lainar ta tsage ta buɗe baki, ana hango bulo ta ciki. Na sauko na leƙa ƙarƙashin rufin da tocila, na tarar katakon da ke jingine da bulon ya yi ja ya fara baƙi.

Na yi zagin Stanli, na kuma bi shi da salati. Ta 'yar tagar wajen ina hango tsohuwar nan tana fifita garwashin da na yi mata alkawarin zai koma ɗakinsa yau.

Na fito bayan gidan da hular a hannu ɗaya, ɓarɓashin a ɗayan. Sani ya biyo ni ya tsaya nesa, Hadiza ta tsaya a bakin ƙofa da jariri cikin bargo.

Na ce, "Hajiya, kwanakin nan kin ji wani ruri a bangon falo?"

Ta ce, "Shekaranjiya da hantsi, Sani yana shago. Kamar babbar mota ta tsaya a ɗaki. Na ce garin nan dama ba ya shiru. Ai ranar gidan ya yi daɗi, har bangon sama ya yi ɗumi, na jingina kayan angona a jiki suka bushe nan da nan."

Hadiza ta ƙanƙame yaron. Na miƙa wa Iya hular. Na ce, "Rurin nan gobara ce. Ta ci a cikin bango, Allah ya sa ta gaji ta mutu don kanta, amma ta fasa ƙarfen. In garwashin nan ya koma, ta gaba ba a bututu za ta tsaya ba."

Na nuna mata hoton a kyamara, ko kallonsa ba ta yi ba. Ɓarɓashin ta karɓa, ta murje shi a tafinta, ta kai hanci. Ni ma daga inda nake ina jin abin da ta ji. A ƙarƙashin ƙaurin, ƙamshin turarenta ne.

Ta ce, "Yaushe za ka sa sabon ƙarfe?"

"Sai magini ya gyara bulo, kafinta ya canza katako, ƙanƙarar rufi ta saki. Ba kafin arba'in ba."

"Ka ce mini ƙaura ce."

"Na faɗa, Hajiya. Ban san ɗakin da za ta koma ya rushe ba."

Na jira ta kira ni bawa, ko maƙaryacin Kano, da na ji sauƙi. Ta dubi kaskon, garwashin ya yi jawur, ta sha wuya a kansa. Ta ɗaga kai ta dubi 'yarta. Ta ce, "Jiya kin ji sanyi?" Hadiza ta ce, "Iya, gumi na kwana ina yi." Yaron ya yi ɗan tari a cikin bargo.

Sai tsohuwar nan ta jawo butar alwalarta da ke gefen bokiti, ta yi bismillah, ta kwarara wa garwashin ruwa da hannunta. Ya yi cuu, tururi ya tashi ya rufe mata fuska. Ba ta ɗaga butar ba sai da ja na ƙarshe ya mutu. A hankali na ji ta ce, "Allah ya jiƙan Zuwaira." Muka ce amin.

Ta miƙe da ƙyar, gwiwa ta riƙe. Ta ce, "Sani." Bawan Allah ya kusa zamewa a ƙanƙara, don tunda ya auri 'yarta bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta ce, "Ƙara wa hitar nan taku wuta. Wannan mai ihun kuma ka rataye shi inda zan ji shi." Ta karɓi yaron daga hannun Hadiza, ta goya shi a ƙarƙashin ƙatuwar rigar, ta tamke zane. Ta ce, "Zo nan angona, daga yau ni ce murhunka." Har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Kai kuma bawa, wanke wannan baƙin hannun ka zo ka sha kunu."

Sai da sanyi ya wuce na sa musu sabuwar laina. Lokacin Iya ta koma gida, ta bar Hadiza da ƙafafunta ba kumburi, yaron kuma har ya fara dariya. Ta bar mini kwalbar turaren wuta da saƙo a bakin Hadiza, wai a ba wa Bakano ko motarsa ta daina wari, kuma a gaya masa a kasko ake sawa.

To Nura, ka ji sharar da ake yi a tsaye. In har yanzu kana so, ka same ni a tashar feri ranar Litinin da safe. Kada ka wahalar da kanka neman buroshi, tamfol zan ba ka.